Azumin da Jirgin Wasiƙu Bai Zo Ba

Azumi ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara sai ya ɗan ja da baya, ya ratsa sanyi ya ratsa zafi, har wata rana ya komo watan da ka san shi kana ƙuruciya. Na bana ya faɗo a Yuni, ya same ni a bakin taga a unguwar Stapleton ta New York da kumburarrun ƙafafu, ina kallon ruwa ta tsakanin gidaje biyu.

Ranar New York ba ta da kunya. Kafin ka gama wanke kwanon sahur gari ya waye, da yamma kuma ƙarfe takwas ta gota tana nan tsaye a kan rufin mutane, ta ƙi faɗuwa. Likita ya ce kada in yi azumi. Na ce masa to. Ranar da jiki ya yarda ina ɗauka, ranar da ya ƙi in sha kokona in yi shiru, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

A gidan ɗana Alhassan nake, direban tasi ne. Wankan jegon matarsa na zo yi, wata uku aka ce mini, ga shi jaririyar, Memuna, har ta shiga jami'a. Yanzu gida nake so. Ba ziyara ba. So nake in koma Sekondi in kwanta a inda za a binne ni kusa da mutanena. 'Ya'yana uku duk sun yarda tun azumin bara, abin da ya rage kawai shi ne wa zai ɗauki me. Alhassan ya ce shi ya riƙe ni duk shekarun nan, ci da sha da haya. Fati da ke aikin kula da tsofaffi a Jamus ta ce ita ke turo na magani, a lissafa mata. Musa na Ankara, babban birnin ƙasarmu, ya ce kuɗinsu na can ba shi da ƙarfi, kuma in na sauka shi zan sauka wa, dare da rana. Ga tikiti, ga mai rakiya, ga rufin ɗakina da ya zube, ga wadda za a ɗauka ta riƙa kula da ni. Duk Lahadi bayan la'asar sai su haɗu a waya. Alhassan ya ja ƙofar ɗaki, ya manta bangon gidajen Amurka katako ne, ni kuwa ƙafa ce ta kasa, kunne na nan. Abin haushin, kowa cikinsu yana da gaskiya.

Ran nan suna cikin haka sai hazo ya taso daga teku ya rufe komai. Na daina ganin ruwan, na daina ganin doguwar gadar da ta ratsa shi. Sai wani jirgi ya yi kuka daga cikin farin nan, doguwar murya mai kauri wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Wallahi ƙamshin ɗanyen ganye na ji a hancina, da na jiƙaƙƙen itace.

Ina budurwa lokacin, a Zangon Sekondi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Babana fataucin goro yake yi, haka yawancin mazan gidan. Su sayo daga daji, mu mata mu gyara mu naɗe da ganyen fita mu ɗaure huhu-huhu, a kai tashar Takoradi a ɗora a jirgin wasiƙu mai tasowa daga Ingila zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya haura da shi Arewa. Jiragen kaya ba sa yi mana, don suna yada zango a kowace tasha har goro ya mutu a hanya. Na wasiƙu shi ke da sauri, shi ke ɗaukar talaka a saman bene ƙarƙashin tamfol. Ba mu taɓa samun wasiƙa daga Ingila ba, ba mu san kowa can ba, amma da kukan jirgin nan muke sa ranar biki da ranar biyan haya.

Iya ita ce uwar babana, Bakanuwa ce. Tana amarya aka taho da ita cikin ayarin fatake, a kan jaki, ta Gwanja, tun jirgin ƙasa bai san hanyar Kano ba. Mijin ya rasu a kurmi, ita ta zauna ta tsufa a bakin teku, kullum tana tsine wa dokunu, tuwon masarar mutanen can, tana ci. Ni ce abokiyar faɗanta. Tana kirana Mai Baki, ina kiranta Baƙuwa, don kullum cewa take ita fa ba zama ta zo yi ba. A shekarar ne jikinta ya fara saki, ido ya yi hazo, sai ta kira Baba ta ce ya mai da ita ta ga Dala kafin a rufe ta. Ya yi mata alkawari za ta bi kayan goron da za a ɗora gab da azumi. Ta sa na sauko mata da adudunta, muka jera zannuwa biyu, da tasbaha, da likkafanin da ta daɗe da tanada. Aka ajiye adudun a bakin ƙofa.

Ranar jirgi ta zo, jirgi bai zo ba. Aka ga wata, aka ɗauki azumi, shiru.

Baba ya yi ta sintiri zuwa Takoradi yana dawowa sharkaf. Daga bakin wani akawun tasha ya samo labarin, mu ma daga bakinsa muka ji, ban sani ba ko haka abin yake daidai. Wai jirgin ba kyauta yake yawo da wasiƙu ba. Gwamnonin Turawa na ƙasashen bakin teku ne ke haɗa kuɗi su biya masu shi, to wa'adin yarjejeniyarsu ya ƙare, an zo sabuntawa sun kasa shiryawa. Wanda ke kusa da Ingila ya ce a raba bisa nisan tafiya, na can ƙurya ya fi biya. Na ƙurya ya ce a'a, a auna buhunan wasiƙun kowa. Wani ƙarami ya ce shi jirgin ko hutawa ba ya yi a tasharsa, don me za a ɗora masa. Masu jirgi kuma suka ɗaure abinsu suka ce in an gama a kira su. Na tambayi Baba, to su wasiƙun rigimar wa ke kai musu, tunda babu jirgi? Ya ce su ai suna da tangarahu, mu ne ba mu da komai.

Iya na kwance tana ji. Ta ce, "Manyan mutane sun kasa raba kuɗin jirgi ɗaya? Ba su taɓa zaman gidan haya ba."

An yi maganar mota. Amma damina ta riga ta cinye hanyar gabas, ga ƙasar Faransa har biyu a tsakani da takardunsu, ga Iya da ko zama ba ta iya yi sai an tokare ta. Baba ya ce a jira, ai ba za su wuce mako ba.

Ruwan shekarar nan ban sake ganin irinsa ba. Ba ya zuwa da fushi ya wuce, sauka yake a hankali tun asuba, ya yini, ya kwana. Teku ta yi launin toka, sama ta yi launin toka, ka rasa inda ɗaya ta ƙare. Tabarma ta yi funfuna, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa sai ka ɗumama ta a hammata. Zanin da ka shanya ran Juma'a yana nan da danshinsa wata Juma'ar. Goro kuwa ga shi jibge a zaure har rufi, na mutum biyar ko shida, ba a sayar ba, don haka babu kuɗi a gidan. Sahur garin rogo ne da ruwa, ran sa'a da ɗan ƙuli. Shan ruwa koko ba sukari, sai dafaffen rogo da barkono. Wani lokaci mukan kai wa matan masunta Fante goron da ya fara tabo su ba mu ƙananan kifi, su ma ɗin teku ta hana mazansu fita.

Goro rai gare shi, in ka ƙyale shi ya mutu. Da an yi sallar asuba sai mu shimfiɗa buhuna a zaure mu kwance huhu. A zare ganyen da ya yi baƙi, a juya kowane goro a tafin hannu, a duba ko sankara ta huda shi, wato ƙwaron nan da ke cinsa ta ciki. Mai tabo gefe guda, lafiyayye gefe guda. A yayyafa ruwa kaɗan, a sa sabon ganye, a ɗaure. Kafin a kai huhun ƙarshe na farko ya isa a sake buɗewa. Ka tuna fa duk matan nan maciya goro ne, ga azumi a baki, ga fari da ja suna wucewa ta hannunsu tun safe har la'asar. Mma Salamatu ta ɗakin ƙarshe takan ɗauki marsa, babban nan mai sheƙi, ta kai hanci ta lumshe ido ta ce Allah Ka ga dai ban ci ba. Hamma ta yi ta zagaya zauren. Da azahar yunwa takan daina ciwo ta koma wani irin sauƙi, ka ji kanka kamar ba a jikinka yake ba, hannu na aiki, ruwa na zuba a kwano, ba mai magana.

Da huhuna suka fara ramewa sai rigima ta so tashi. Kowane huhu da tambarin mai shi, wani nasa ya ruɓe da yawa, wani kaɗan, aka fara cewa ai na wane ne ya shafa wa na wane. Iya ta aika aka kira mazan har bakin gadonta. Ta ce sankara ba ta karanta tambari, a zube lafiyayyen duka wuri ɗaya, ranar da jirgi ya zo a raba gwargwadon abin da kowa ya kawo da fari, asarar ta hau kan kowa. Mijin Mma Salamatu ya yi gunaguni, don nasa ya fi lafiya. Iya ta tambaye shi ko ya san na wa zai ruɓe gobe. Kafin magariba an zube.

Da la'asar aikina ne in hau tudun bayan Zango in duba teku. In tsaya da buhu a ka ina kallon inda hayaƙi ya saba ɓullowa. Sau da yawa na ga jirgin, wallahi na gan shi, da farin jikinsa da bututunsa, sai in ƙifta ido ya koma gajimare. In sauko, Iya ta ji motsina ta ce, Mai Baki, yaya? In ce tukuna. Daga baya ta daina tambaya.

Wajen tsakiyar azumi ta daina tashi gaba ɗaya, idon ma ya rufe. Matan gidan suka raba kwana a kanta ba tare da an yi taro ba: wannan ta yi wanka, wannan ta wanke zani, wannan ta kawo koko da magariba. Wata yamma iska ta taso daga teku tana girgiza kwanon rufi, ruwa na bugun bango, gadon ƙarfen har rawa yake. Ina goge mata ƙafa sai ta ce, "Adiza, mun tashi ne?"

Ba ta cika kiran sunana ba. Na dubi Mma Salamatu da ke tsaye da kwanon koko, ita ma ta dube ni. Na ce, "Mun tashi, Iya."

Ta ce alhamdu lillahi, a duba mata adudu kada ruwa ya taɓa shi.

Daga ranar muka shiga tafiya. Duk wadda ta kawo koko da magariba ita za ta faɗa mata inda aka kai. Muka yi kwanaki a teku, tana tambaya ko an rufe goro, tana cewa kada in matsa bakin ƙarfe in faɗa. Muka sauka Ikko, ta ce hayaniyar ta yi yawa, a riƙe mata hannu. Muka shiga jirgin ƙasa. Ita ba ta taɓa ganin hanyar ba, amma ta haddace tashoshin daga bakin Baba shekara da shekaru, yadda ake haddace addu'a. Abekuta, Badun, Ilori. Ni kaina na fara jin ɗakin yana tafiya. In na fito tsakar gida sai in yi mamakin ganin turmi yana inda yake.

Ranar da girkin Mma Salamatu ya zagayo, ita kuwa haifaffiyar Kumasi ce, iyakar Arewarta ke nan, ta durƙusa da kokonta ta ce, sannu Iya, ga mu a Zariya.

Iya ta juyo da makafin idanunta ta ce, "Ke Salamatu, daga Ilori sai Zariya? Kogin Kwara fa, tsalle kika yi da ni? In za ku kai ni ku kai ni ta hanya. Ku mai da ni Jaba."

A nan muka gane ta sani. Tun ranar farko ta san a ɗakinta take, a Sekondi, da adudunta a bakin ƙofa. Mma Salamatu ta fashe da dariya, dariyar ta juye mata kuka, ta fita da gudu ta bar kokon. Baba kuwa da ma kunyar alkawarinsa ta hana shi shiga ɗakin, iyakarsa bakin ƙofa ya gaishe ta ya wuce. Ran nan ya cire takalmi ya shigo ya zauna a ƙasa, ya ce ga gadar Jaba nan, Iya, ruwan ya cika har ya taɓa itatuwa. Daga nan shi ya karɓi tafiyar, don shi ya san kowace tasha da abin da ake tallarsa a cikinta.

Sai tsoro ya kama mu. Kowa ya san in aka kai Kano, tafiyarta ta ƙare. Muka fara jan ƙafa. Muka kwana biyu a Zungeru, muka ce ana shan ruwa. Da muka kai Kaduna muka ƙi tashi, yau inji ya lalace, gobe ana jiran jirgin Inugu ya wuce. Ta yi mana haƙuri har ta gaji. Wata magariba ta ture cokalin ta ce, "Ku ma kun zama gwamnoni? Ku sake ni in tafi."

Washegari muka shiga Zariya. Ta ce tana jin ƙamshin miyar kuka. Aka bazu cikin Zango ana nema, aka samo kuka wajen matar wani tsohon soja, wata ta kawo daddawa, wata ɗan garin dawa da ta ɓoye don Sallah. Na tuƙa tuwon da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi na cin idona. Loma biyu ta yi, ta ce gishiri ya yi kaɗan, amma ba laifi ga 'yar kurmi.

Ranar jajibere da hantsi ruwa ya ɗauke, karo na farko a watan. Rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta a kan adudu. Baba ya riƙe hannunta ya ce, "Iya, ga Dala can."

Ta juya fuska wajen bango. Ta ce, "Na gan ta. Ku sauke mini kayana."

Ta nemi goro, na zaɓo mata fari daga cikin na kowa da kowa, ta riƙe a hannu ba ta ci ba. Kafin azahar ta cika. Muka buɗe adudu muka ciro likkafanin, aka kai ta cikin jar ƙasar Sekondi mai danshi.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki muna zaure muna ɗaurin goro sai muka ji kukan. Ba wanda ya tashi da gudu. Baba ya dawo daga tasha ya ce an ce sun shirya, kowa ya ɗan sassauta, ba a dai faɗa wa irinmu yadda aka raba ba. Abin da ya tsira na goro aka raba shi yadda Iya ta ce, aka ɗora. Wurin da aka so shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin tamfol, huhu aka jera a ciki.

Ba zan ce ba na jin haushin 'ya'yana ba, ina ji. Amma na san ba ƙina suke yi ba. Kowa gani yake akwai sauran lokaci, Baba ma haka ya gani.

Lahadin da ta wuce, da Alhassan ya ja ƙofa, na ce wa Memuna ta fitar da ni. Ta tura ni a keken guragu muka hau bas, muka biya Tompkinsville wajen wani ɗan Nijar mai shago na sayi goro biyu a leda, duk sun yi yaushi, na faɗa masa gaskiya kuwa. Muka gangara muka shiga feri, jirgin fito mai zuwa Manhattan. Na tambaye ta nawa ne, ta ce ba a biya. Na ce to wa ke ɗaukar nauyinsa? Ta amsa da Turanci, yadda ta saba, wai kowa da kowa ne. Na ce ashe ana iyawa.

Hazo ne ranar ma. Ta kafa kekena kusa da ƙarfe, danshin teku na sauka a fuskata, benen na rawa a ƙarƙashin ƙafafuna. A nan na ba ta labarin Iya tun daga adudu har Dala. Hausa tana shiga kunnenta sarai, fitowa ce ke mata wuya. Da na gama na ce ta ajiye wayar nan ta saurara, zan faɗa mata hanya. In an sauka jirgin sama a Ankara, sai Kaswa. Daga Kaswa sai Winneba, sai Mankesim, sai Kep Kos, sai Elmina. Sai a haye kogin Pra. Sai Shama, sai Sekondi. Na ce ta maimaita.

Ta fara, ta kai Mankesim, sai ta tsaya. Ta dube ni, na ga ta gane. Da Hausarta mai tuntuɓe ta ce, "Kaka, ba na so."

"Ban tambaye ki abin da kike so ba, Mai Baki."

Ta ce yau ɗin nan za ta yi wa babanta magana, ta kira gwaggonta Fati da kawunta Musa, ita ma tana aiki a shago, za ta sa nata. Na ce madalla, ta yi musu, Allah Ya sa su ji. Amma ta fara riƙe wannan tukuna.

Jirgin ya yi kuka. Ta share ido da bayan hannu ta ɗauko daga farko, tana ƙirgawa da yatsu. Daga Elmina sai ta faɗa Shama, ta tsallake kogin. Na ce ta koma Kaswa ta sake.